Wanda Ya Yi Musu Da Labbo Garso

Shekara talatin da wani abu ke nan ina aikin da mu masu bincike muke kira alƙalanci. Mutum zai rubuta abin da ya gano ya aika wa mujallar masana. Editan mujallar sai ya turo wa mutum biyu ko uku irina, mu karanta mu ce a buga, ko a gyara, ko a mayar masa da kayansa. Mai takardar ba ya taɓa sanin ko su wane ne suka yanke masa hukunci. An ɓoye sunan ne don alƙali ya faɗi gaskiya ba tsoron kowa, kuma na yarda da wannan dalili. Na ga ƙaramin malami ya kama ƙaryar babban farfesa, abin da ba zai iya ba da sunansa a fili. Ni kaina sau biyu alƙalan da ban sani ba suna hana ni buga kuskuren da zai bi ni har tsufa.

Yanzu ana ta taruka a kan gyaran wannan tsari. Wasu sun ce a bayyana sunan alƙali, wasu sun ce a buga hukuncinsa tare da takardar kowa ya gani, wasu sun ce a bar abin yadda yake. In an ba ni dama nakan tashi in yi jawabi, a tafa mini, in zauna. Amma ban tabbata na san amsar ba. Abin da na sani shi ne, duk sa'ad da za ni rubuta "ana buƙatar ƙarin gwaji", jimlar da ba ta cin minti ɗaya, sai hannuna ya tsaya, in tuna wani mutum da ban taɓa ambata a taro ba.

Sunansa Labbo. Bafillace ne na wajen Kurawa, a ƙasar Sabon Birni, dogo, siriri, kunnensa na hagu ba ya ji sosai, shi ya sa yakan karkato kai in ana magana kamar mai zargin abin da ake faɗa. Garso ne, wato wanda makiyaya ke turawa gaba ya dubo ciyawa da ruwa kafin garke ya tashi. Ma'auninsa harshensa ne. Yakan tsinki ganye ya tauna, ya riƙe a baki, ya tofar, ya shinshina yatsunsa, sannan ya yi magana. A babban farin 1973 ya yi tafiyar kwana goma sha tara kudu shi kaɗai, ya dawo ya ce kada a bi hanyar da kowa ke bi, rijiyoyinta sun ƙafe. Gida goma sha ɗaya suka bi maganarsa, suka dawo da rabin shanunsu. Waɗanda suka ƙi sun dawo da igiyoyi a kafaɗa.

Makiyayan wurin suna da ƙa'ida a kan maganar garso. In ya ce ciyawar wuri kaza tana da kyau, shanunsa ne za su fara shiga. In ya ce tana kisa, wani ya yi musu, to mai musun ba zai yi daga inuwa ba. Zai zo da ƙafarsa, a gwada a kan tsohuwar tunkiya yana tsaye yana gani. In maganar ta tabbata, sai ya kira sunan garso a gaban mutane ya ce shi ne mai gaskiya. Ba tara, ba zagi. Wannan faɗin kaɗai ake nema.

Ni na dawo gida a 1982, bayan shekara shida ina karatun likitan dabbobi a wata ƙasa mai sanyi. Aka tura ni Isa, garin mahaifina, aka ba ni babur da akwatin allurai. Hausata ta yi tauri har mata masu sayar da nono suna kwaikwayona in na wuce. Na haɗu da Labbo a shekarar da ta biyo, lokacin da cutar bushiya ta shigo tana kwasar shanu muna bin rugage da rigakafi. Ya tsaya a gefe yana kallona ina auna zafin jikin shanu, sai ya nuna mini guda biyar da sanda ya ce waɗannan ciwon ya riga ya shige su. Na auna don in ƙure shi. Duka biyar ɗin suna da zazzaɓi. Tun daga ranar nake kiransa Baffa, shi kuma yana kirana Likita, da wata irin murya da ban taɓa gane ko girmamawa ce ko tsokana ba.

A daminar 1983, wadda ruwanta bai kai ko'ina ba, wani shirin agaji ya kawo irin wata dawa ta ciyar da dabbobi. Tana fita da sauri, ganyenta faffaɗa. Manoma suka shuka ta a fadamun wajen Gangara, suna yanka ta ɗanya suna kai wa makiyaya, aka sa mata suna 'yar agaji. Kowa a ƙasarmu ya san gyauron dawa, wanda ke tohowa bayan girbi, yana kashe saniya. Masu shirin ma sun sani. Littafinsu ya ce haɗarin yana nan ne kawai kafin dawar ta kai gwiwar mutum, da ta wuce gwiwa shi ke nan. Mai yaɗa wannan magana shi ne Malam Kalilu, malamin gona na shirin, mutum mai fara'a da barkwanci, yana yawo kasuwa-kasuwa da lasifika a kan mota.

Wata safiya na tarar da Labbo a ƙofar ofishinmu na Isa da damin 'yar agaji a ƙasa. Tsayinta ya kai ƙirjina.

"Likita, wagga ba ta san gwiwa ba," ya ce. "In fari ya riƙe ta kwana ashirin, sannan yayyafi ya sauka ta yi kore, ko ta kai rufin ɗaki kisa take. Ta safe ta fi. In anka shanya ta kwana biyar, lafiya lau. Tauna ka ji."

Na tauna. Ɗaci ne da wani wari a bayan hanci. Sannan ya zauna a ƙasa ya jero mini shanun da suka mutu, ba da lissafi ba, don Bafillace ba ya ƙirga shanu da baki. Da suna ya kawo su, kowace da mai ita, da gonar da aka yanko dawar, da ranar. Ni ne na ƙirga a takarda. Talatin da ɗaya.

Sau uku ina aika ganyen ɗakin gwaji a kudu. Kwana huɗu yake yi a mota, ya isa a bushe, a auna a ce ba komai. Gubar tana tashi in ganyen ya bushe, daidai yadda Labbo ya faɗa, amma takardar ɗakin gwaji ba ta ce haka ba, cewa ta yi ba a sami komai ba. Malam Kalilu ya samu labari. Ran kasuwar Sabon Birni ya hango Labbo a cikin mutane, ya juyo lasifika.

"Ga Baffa mai ɗakin gwaji a baki! Turawa sun auna da na'ura sun ce lafiya, Baffa ya lasa ya ce a'a. Jama'a, mai takin zamani ya kawo wa Baffa shi ɗanɗana muna!"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Har da 'ya'yan gidajen da ya tsallakar a 1973. Ba mugunta ce ta sa su ba. Shanunsu na faɗuwa don yunwa, ga kore a gabansu, wanda ya ce kada su taɓa shi ne abokin gabarsu.

Na je wurin shugaban shirin. Ya saurare ni da ladabi, ya ce ba zai janye irin da aka raba a gundumomi da yawa a kan maganar makiyayi ba, amma in na kawo takarda bugaggiya a mujallar masana, a ranar zai dakatar. Na ga ya yi adalci. Na zauna na rubuta, na aika a watan Nuwamba. Sunana kaɗai ke sama. A ƙarshe, wurin godiya, na rubuta "wani makiyayi mai dogon sani".

Amsa ta zo a watan Yuli na 1984, bayan wata takwas. Daminar ta fi ta bara muni. Na hau babur na samu Labbo a rugarsa. Bushiya da bazara sun bar masa shanu bakwai, kuma abin mamaki bakwai ɗin suna tsaye da ƙafafunsu, don shi da matarsa Fadima sun yi ta sassabo musu ganyen itace da 'ya'yan gawo tun daga nesa. Muka zauna gindin aduwa na fassara masa wasiƙar. Alƙali na farko ya yaba. Na biyu ya rubuta layi huɗu: labarin makiyaya ba hujja ba ne, mai yiwuwa yunwa ce ko ragowar bushiya, a gwada a kan lafiyayyun shanu, waɗanda aka zaɓa da ƙuri'a, a rubuta alamomin ciwon da lokacin kowace.

Labbo ya karkato kunnen dama.

"Wato mutum guda ya yi musu."

"Haka ne, Baffa."

"Mi sunanai?"

Na dubi takardar. "Ba a faɗin sunansa."

"Ɗan wa ne?"

"Ban sani ba."

"Shanunai nawa bushiya ta bar mishi?"

Na ce mai yiwuwa ba shi da shanu. Ya ce ba laifi, ko mahauci yana da ikon musu. Akwai tsohuwar tunkiya, a sa rana, mutumin ya zo. Na ce alƙalin shanu ya ce, ba tumaki ba. Na ce ofishinmu ba shi da ko akuya, kuma na nemi shanu wurin mutum huɗu sun ƙi, saura nasa. Sannan na faɗi maganar da na shirya tun a hanya: ina da allurar da ke karya wannan guba. Da zarar ciwon ya nuna za ni yi wa shanun allurar, su tashi. Wannan gaskiya ne, ina da ita, kuma tana aiki in an yi da wuri.

"Shina zuwa?" ya tambaya.

Na ce za ni rubuta in sanar da ranar. Na kuwa rubuta wa editan. Na san sarai babu mai zuwa. Na bar shi da abin da ya fahimta.

Ya ce to, a ɗauki Bale, ta tsufa, da wasu biyu da ya nuna masu rama. Na ce in aka ɗauki ramammu alƙalin zai ce yunwa ce. Dole ƙuri'a. Na rubuta sunayen bakwai ɗin a guntayen takarda na zuba a malafarsa. Uku za su ci 'yar agaji, huɗu su ci harawa don a kwatanta. Shi ya ƙi sa hannu, ni na ɗebo. Wule. Fure. Na buɗe ta uku na karanta, Saye.

Fadima tana bakin bukka tana wanke ƙwarya. Ta ajiye ta taso. Saye tata ce. Kakar wannan saniyar mahaifinta ya ba ta ranar da aka kawo ta gidan Labbo, kuma a cikin bakwai ɗin ita kaɗai ke da maraƙi, ita kaɗai ake tatsa. Nononta ne abincin gidan.

"Likitan shanu," ta ce, "ƙasar da kay yi karatu, haka ake wa saniyar uwar mutum?"

"Inna, ina da allura."

"Allura. Shi wanga mai musu, uwatai na da saniya?"

"Ban san shi ba, Inna."

"Ba ka san shi ba, kaz zo ɗaukar Saye dominai. Mayar da takardar ka ɗauko wata. Wa ya gani? Allah na gani, kuma ba shi hana ka."

Na ce in na mayar, ba ƙuri'a ba ce kuma. Ta dubi mijinta. Labbo ya ɗauki malafarsa ya kaɗe sauran takardun, ya ɗora a ka.

"An yi dariya a kasuwa," ya ce mata. "Kin ji da kunnenki."

Muka jira sama ta yi abin da ake buƙata. A watan Agusta ruwa ya ɗauke kwana ashirin da uku, gero ya murɗe ya zama kamar albasa. Sannan aka yi yayyafi, wanda bai jiƙa ƙasa zurfin yatsa ba. Kwana uku bayan haka 'yar agaji ta yi kore shar a fadamar Gangara. Na aika a kawo shanun, a hana su kiwo tun la'asar.

Washegari da hantsi mutum kamar arba'in sun taru. Malam Kalilu ya zo a matsayin shaida, yana raha da manoma. Labbo ya sa rigarsa ta Juma'a. A gindin wata tsamiya ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya ajiye ƙwaryar kindirmo an rufe da faifai. Na Saye ne, tatsar jiya. Babu wanda ya zauna a tabarmar. Kowa ya san ta baƙo ce. Labbo yana ta duban hanyar mota.

"Bai iso ba, Likita?"

"Baffa, ni ne idonsa."

Ya dube ni. Sannan ya juya ya kwance igiyar Wule da kansa.

Ina da takardar har yau, don haka lokutan ba daga ƙwaƙwalwa nake kawo su ba. Ƙarfe bakwai da minti arba'in aka zuba musu dawar, tsayinta ya wuce kafaɗata, na auna. Suka faɗa mata da yunwar kwana. Takwas da minti biyu Wule ta ɗaga kai, numfashinta ya yi sauri. Takwas da huɗu fatar kafaɗarta ta soma rawa.

"Ta kama ta," in ji Labbo. "Yi allurar."

A takardata na jera alamomi shida da littattafai suka ambata. Biyu na gani. Na san in na tsaya a biyu, alƙalin zai ce saniyar da ta ci da sauri ma tana haki. Allurar tana aljihuna a ɗure.

"Minti biyar, Baffa."

"Likita, na ce ta kama ta."

"Minti biyar kawai."

Na ji muryar Fadima a bayana tana kiran Saye da irin kiran da ake yi wa saniya lokacin tatsa, a hankali, tana maimaitawa. Ban waiwaya ba. Takwas da bakwai, kumfa a bakin Wule, na rubuta. Takwas da tara, tangaɗi, ita da Fure tare, na rubuta. Takwas da sha ɗaya Wule ta faɗi, kafin in kai gare ta Fure ta bi ta.

Allurar ta jijiyar wuya ce. A makaranta na yi ta sau da yawa, a kan saniyar da ke tsaye cikin shinge mutum biyu na riƙe da ita. Ban taɓa yi wa wadda ke shure-shure a ƙasa ba, kuma ban lissafa cewa hannuna biyu ne shanun uku ba. Allura ta farko ta lanƙwashe a wuyan Wule. Na bar ta na koma kan Fure, na samu jijiyar, rabin maganin ya shiga, ta fizge. Da na ɗago, Saye ta durƙusa da ƙafafun gaba, maraƙinta yana ɗaure can nesa yana kuka.

Labbo ya riga ni isa wurinta. Ya ga abin da na gani, an makara. Ya zaro wuƙa daga kube, ya juya kanta gabas, ya soma bisimilla. Duk makiyayi haka zai yi, kada dabba ta tafi mushe, ko ba komai a ci nama, a shanya kilishi, gida ya ga wata guda. Na kama wuyan hannunsa.

"Baffa, in ka yanka, za a ce wuƙa ta kashe ta."

Ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, ko a shekarunsa. Bai fizge ba. Ya dubi hannuna a kan nasa, ya dubi agogon da ke ɗaure a wurin. Sannan ya mayar da wuƙar kube, ya zauna a ƙasa ya ɗora kan saniyar a cinyarsa. Wasu mutum biyu da suka nufi Wule da Fure da wuƙaƙe suka ga haka, suka tsaya.

Takwas da talatin da takwas ta ƙarshe ta daina numfashi. Na buɗe su a wurin. Jinin ja ne zir, ba irin jinin mushe ba, alamar da nake nema. Na ji daɗin ganinsa. Dole in rubuta wannan, don haka aka yi. Mutum arba'in, waɗanda yawancinsu ba su ga nama ba tun layya, suna tsaye suna kallon shanu uku da ba su halatta ga kowa ba. Malam Kalilu ya cire hula ya yi salati. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Na gani, Likita. Amma ni ba ni da iko, sai takarda ta fito." Bai je wurin Labbo ba, bai ɗaga murya ba. Ya shiga mota. Fadima ta ɗauki ƙwaryar da ke kan tabarma ta kai wa maraƙin, ya shinshina ya ƙi. Bai kai sati biyu ba.

A wajen Gangara da Kurawa babu wanda ya sake ba saniya 'yar agaji ɗanya. Labarin ya kai Isa da Bafarawa kafin in gama wanke kayan aiki. A sauran gundumomin da labarin bai kai ba aka ci gaba, ana jiran takarda.

Na sake aika ta a watan Satumba, da jadawalin lokuta mai tsabta. Amsa ta zo bayan wata goma sha huɗu. An canza edita, ba a samu alƙalan farko ba, an ba wani sabo. Shi ma bai yi dogon rubutu ba. Ya ce shanu uku sun yi kaɗan a kafa hujja da su. Ya ce ko ba haka ba, an daɗe da sanin dawa na da guba, bai ga sabon abu ba. A ƙarshe ya ƙara cewa ransa bai kwanta da yadda aka bar dabbobin suka mutu ba. Lokacin ruwa ya dawo, shirin agajin ya naɗe kayansa ya tafi. Ba a taɓa buga takardar ba.

Ban je na fassara wa Labbo wannan wasiƙar ba. A shekarar na samu aikin koyarwa a jami'a na bar Isa. Jadawalin nan na yi shekaru ina koya wa ɗalibai alamomin gubar dawa da shi, don babu littafin da ke da mai kyansa.

Labarinsa a bakin mutane na riƙa ji. Huɗun da suka rage ba su ga daminar 1985 ba. Da babu nono a gidan, biyu sun tafi kasuwa don hatsi, biyu sun kwanta a bazara. Fadima ta koma wurin ƙanenta a hayin iyaka, can ta rasu. Shi ya yi kiwon shanun wani attajirin Isa har ƙafafunsa suka gaza. Ba a sake tura shi duba ciyawa ba, domin ƙa'ida ta ce shanun garso ne ke fara shiga, shi kuwa ba shi da su.

A 1998 wani aikin rigakafi ya kai ni Bafarawa ran kasuwa. Na gan shi a bayan layin masu dabbobi, zaune a kan buhu, igiyoyin kaba a jere gabansa, ɗaya maƙale a babban yatsan ƙafarsa yana tufka. Na yi niyyar wucewa. Ya ɗago kai.

"Likita. Ka yi ƙiba."

Na tsuguna muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya ko da yake bai san su ba. Na yi masa ta'aziyyar Fadima, shekara tara a makare. Ya ce Allah ya ba da lada. Wani ya zo ya ja igiya ya gwada ƙarfinta, ya ajiye ya wuce.

Sai na kama ba shi labarin da bai tambaya ba. Na ce takardar ba ta fita ba. Na faɗa masa abin da alƙali na biyu ya ce da abin da na uku ya ce. Na ce yanzu ni ma alƙali ne, kuma na soma sa sunana a ƙarƙashin duk hukuncin da na yanke, ko mujalla ba ta nema ba, don mai takarda ya san wanda ya yi musu da shi. Ina jin na so ya ce madalla. Ya ci gaba da tufka.

"Baffa, akwai abin da ban faɗa maka ba. Mutumin nan, da ma ba zai zo ba. Ba a zuwa. Na sani tun ranar da na karanta maka wasiƙar."

"Na sani," ya ce. "Tun da nit tambaye ka sunanai ka dubi takarda. Mutumin da ba shi da suna ba shi da ƙafa."

"To tabarmar fa? Da nonon?"

"Baƙo baƙo ne. In ya zo fa?"

Ya ciji bakin kabar ya tofar, ya riƙe ɗanɗanon a baki kamar yadda yake yi da can. Sannan na yi tambayar da ta hana ni wucewa.

"In ka san mai musun ba zai zo ba, Baffa, don me ka ba ni su?"

Ya karkato kunnen dama, na maimaita. Ya saki igiyar daga yatsansa ya naɗe ta a hannu.

"Ai ya zo, Likita. Na ce mishi ta kama ta, yac ce minti biyar. Shina tsaye da agogo, ya gani da idonai. Abin da ya rage shi hwaɗi gaban mutane, shi kira sunana. Ga kasuwa nan ta cika."